Tsaye-tsayen Baba a Hanyar Kasuwa

Babana direban babbar mota ne tun kafin a haife ni. Yakan ɗauki kaya a bakin jirgin ƙasa a Ngawundere, ya haura da su arewa har Kuseri, ya komo da albasa ko busasshen kifi ko duk abin da ya samu. Mu a Garwa a tsakiyar hanya muke, shi ya sa muna yara mun fi sanin hon ɗinsa da warin man da ke rigarsa fiye da hirarsa. Sai bayan na yi aure idanunsa suka fara gajiya da hanya, ya miƙa makulli ya dawo gida ya zauna. Ya dawo da tumbi madaidaici, da ciwon suga wanda mutanen asibiti ke kira jabet, da kuma sigarin da duk gidan muka yarda cewa ba ya sha.

Wannan batun sigari sai na yi bayani. Baba bai taɓa kunna kara a gaban Inna ba. Akwai wata bishiyar lemun tsami a bayan ɗakinsa, can yake zuwa duba ta bayan kowane cin abinci, ya dawo yana ba da labarin yadda take fure. Inna ta yi masa sannu da aiki. In za ta yi wanki ta zazzage ashana daga aljihun rigarsa ta ajiye masa a kan taga. Haka muka taso muka tarar, haka muka ci gaba.

Da ya sauka daga mota sai ya zama babu mai son tafiyar ƙasa kamarsa. Ya ce zaman da ya yi a bayan sitiyari ya ishe shi na duniya. Kullum da hantsi zai sa hula ya nufi babbar kasuwa da ƙafa, ya zauna da tsofaffin direbobi 'yan'uwansa a inuwar darbejiya kusa da tasha su gyara duniya, kafin azahar ya dawo da cefanen da Inna ta aike shi. Saurinsa kuwa, in ka bi shi sai ka yi haki. Gaisuwarsa ma ta direba ce: ya ɗaga hannu ya ce "Jam na?", wato "Lafiya?" da Fulatanci, kafin ka amsa ya yi nisa.

Ba zan iya cewa ga lokacin da abin ya canja ba. Inna ce dai ta fara kawo mini ƙara. Ina da 'yar rumfar ɗinki a ƙofar gidan mijina, ba nisa da su, nakan leƙa su da yamma. Ta ce maigidan ya koma dawowa bayan azahar, kifi ya gama laushi a leda, kuma kullum da tarkacen da ba wanda ya aike shi. Ta ja ni ɗaki ta buɗe wani kwando. Ga kwaɗuna sababbi da makullansu, ga tarkon ɓera, ga rariya, ga igiyar shanya, har da madubin keke alhali babu mai keke a gidan.

"Ƙofa nawa gare mu da za a yi ta sayo kwaɗo?" in ji ta. "Ko ni zai kulle?"

A waje kuwa yabo yake sha. Mai gyaran agogo na bakin titi ya ce wa mijina surukinsa ya zama mutumin mutane, ya tsaya ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa da ke Guider, har awakinta sai da ya tambaya. Limamin unguwa ya kawo shi misali a wa'azi kan zumunci. Bai ambaci suna ba, amma kowa ya waiwaya, Baba ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Ni na kama shi, kuma ba da niyya ba. Zare ya ƙare mini wata safiya, na ce bari in bi shi kasuwar. Muka fito yana gaba kamar yadda ya saba, ina ta ɗaga ƙafa. Ba mu yi nisa ba na ga ya fara jan ƙafar hagu kaɗan-kaɗan, sai ya karya ya nufi teburin wani mai sayar da kayan ƙarfe, ya ɗauki kwaɗo yana juya shi yana tambayar ko na wace ƙasa ne. Aka yi ciniki mai tsawo. Muka ci gaba da sauri kamar ba komai. Can gaba aka sake, wannan karon wurin mai gyaran agogo, aka gaisa har aka kai ga awaki. Da muka shiga wani dogon layi inda babu shago babu rumfa, sai katanga kawai, na ga yana waige-waige. Ƙarshe ya tsaya gaban wata tsohuwar takardar tallar sabulu da rana ta cinye, ya goya hannu a baya yana kallonta kamar mai karanta hukuncin kotu. Baba kuwa faransancinsa bai wuce na allon hanya da na jandarmomi ba.

Na tsaya kusa da shi na ce ko in karanta masa ne. Ya share gumin da ke bin wuyansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, ba karatu nake ba," ya ce. "Ƙafar ce. In na taka kaɗan sai sharaɓar ta ɗaure, kamar an sa sifana ana murɗawa. In na tsaya ta saki. To mutum ya tsaya haka kawai a titi kamar wanda ya manta gidansu?"

Ya ce abin ya daɗe, kuma tazarar da yake iya ci kafin ta kama shi sai raguwa take. Ya ce kada in faɗa wa Inna. Na ce to. Ina komawa na faɗa mata, shi ma ya san haka zan yi, don tun muna hanya ya fara shirya amsoshinsa.

Inna ba ta yi mamaki sosai ba. Ta ce ita dama ta san da wani abu tun ranar da ya nemi safa. Wanda ya san zafin Garwa kafin saukar damina, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ya san neman safa a wannan lokaci ba ƙaramin labari ba ne. Muka sa shi ya miƙe ƙafafu a kan tabarma. Ta dama da ɗuminta, ta hagu kuwa sanyi kamar gindin randa. Gashin ƙwaurin ya kakkaɓe, fatar tana sheƙi, faratan sun yi kauri. Baba ya ce ai ƙafar kuloci ce, shekara da shekaru tana taka ƙarfe, dole ta nuna. Wannan bayani ya gamsar da shi ƙwarai.

Ana haka Goggo, yayarsa, ta zo daga Guider. Goggo ba ta taɓa ganin ciwon da ba ta san sunansa ba. Kallo ɗaya ta yi ta ce sanyi ne da mataccen jini, ta sa aka kira wanzami. Na ce a bari a je asibiti tukuna, ta ce ita ta goya ubana, ba ni zan koya mata jikinsa ba. Aka yi masa ƙaho a sharaɓa, aka fitar da jini baƙi, kowa ya leƙa ya jinjina kai. Goggo ta koma gida da farin ciki.

Tsagar ƙaho a jikin mai lafiya ba ta daɗewa take bushewa. Ta Baba ta ƙi. Sauran suka kame da ƙyar, guda ɗaya can ƙasa ta buɗe baki, gefenta ya yi duhu, ta fara ruwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ya jin zafinta sosai, yana ma alfahari da haka. Ranar da Inna ta ji wari-wari a tsumman da ya ɗaure wurin, ba ta yi doguwar magana ba. Ta yafa mayafi ta tsaya a zaure da shirin asibiti, wanda take ce wa lopital.

"Malam, ni na tafi lopital," ta ce. "In ka ga dama ka biyo ni da ƙafar. In ba haka ba in kwatanta musu ita da baki."

Ya biyo ta. Ni ma na bi, don ni ce mai faransancin makaranta.

Likitar da muka samu mace ce daga kudu, ba babba ba, Fulatancinta na kasuwa ne, Hausa kuwa sai sannu. Ta sa ya cire takalma duka biyu, ya ce ai ɗaya ce mai ciwo, ta ce ta sani. Ta duba mikin, ta ɗora yatsu a bayan ƙafarsa da gefen idon sawu tana laluben bugun jini, ta daɗe a ta hagu. Ta ɗauko wani siririn zare na roba tana taɓa tafin ƙafarsa bayan ta sa ya rufe ido, wani wurin ya ji, wani wurin ya yi shiru yana jiran a fara. Sannan ta auna jininsa a dantse, ta sake ɗaura abin awon a idon sawu, ta shafa wani mai mai sanyi, ta ɗora kan wata 'yar na'ura mai kamar rediyon aljihu. A ƙafar dama sai ɗakin ya cika da ƙara, fuu, fuu, fuu, da ƙarfi. Da ta koma ta hagu sai da ta yi ta matsar da kan na'urar kafin muka ji wani abu can ƙasa-ƙasa, kamar mai numfashi a cikin bargo.

Baba ya buɗe ido ya ce a sake. Aka sake masa dama, aka sake hagu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraren inji, bai jira fassarata ba.

"Wannan ba ta samun mai," ya ce.

Na fassara wa likitar, ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Ta yi bayani ina juyawa. Jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ne suka ƙuntata, kitse ya lilliƙe a cikinsu. Suga yana kawo haka, hawan jini yana ƙarawa, taba kuwa ta fi kowa. In yana zaune ɗan jinin da ke wucewa yana isa, in ya fara tafiya tsoka ta nemi ƙari ta rasa, sai ta ɗaure. Sugan kuma ya dakushe masa ji a tafin ƙafa, shi ya sa miki zai iya cin sa bai sani ba, ga jinin da zai warkar da shi ba ya isowa da kyau. Ta faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa ta wannan hanya mutane ke rasa yatsa, wasu har ƙafa, kuma abin da ya toshe hanya a ƙafa yana iya yin haka a zuciya ko a kai. Ta tambaya ko ƙafar na yi masa ciwo ko yana kwance, ya ce a'a. Ta ce to madalla, an zo da sauran lokaci.

Sai ta ce, "Papa, kana shan taba?"

Ban ma fassara ba, kowa ya ji. Baba ya dubi silin. Ga likita da ba a yi wa ƙarya, ga Inna a zaune a gefe da jakarta a cinya. Sai Inna ta miƙe a hankali ta gyara mayafi, ta ce ƙishirwa take ji, bari ta nemi ruwa a waje. Ta fita ta ja ƙofa. Baba ya sauke numfashi ya faɗi gaskiya, har da shekarar da ya fara. Muna gamawa ta dawo, da ruwanta a hannu.

Dokokin da muka fito da su suna da yawa. Za a riƙa wanke mikin a asibiti har ya rufe. Ba ƙaho, ba tsaga, ba gasa ƙafa da ruwan zafi ko kusa da garwashi, don zai iya ƙonewa bai ji ba. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ba miƙa ƙafa ga masu yankan farce na bakin titi. In ya yi alwala ya goge tsakanin yatsu, kullum kuma a duba ƙafar sama da ƙasa. Ga ƙwayoyin suga da na hawan jini, ga na rage kitse, ga wata ƙarama mai hana jini daskarewa. Taba kuwa a bar ta gaba ɗaya. Duk wannan Baba ya karɓa da gyaɗa kai. Da likitar ta ce in mikin ya warke babban maganinsa shi ne tafiya, sai ya juyo gare ni ya ce in sake tambayarta, wataƙila faransancina ne ya gaza.

Ba faransancina ba ne. Ta ce ya taka har ciwon ya kama shi sosai amma ba har ya gigita shi ba, ya huta ya saki, ya tashi ya ci gaba, haka kusan kullum. A hankali tsokar za ta koyi aiki da abin da take samu, ƙananan jijiyoyi kuma su taimaka. Ta ce ya fi kyau ya sami abokin tafiya. Duk hanyar gida yana mita, wai ya kai ƙarar tafiya an yanke masa hukuncin tafiya.

Mikin ya ɗauki lokaci, amma ya rufe. Sai batun abokin tafiya. Yayyena maza ɗaya yana Marwa, ɗaya yana Ngawundere. Ni na fara raka shi, amma ga ɗinkin sallah ya taso, ga yara. Ina cikin neman dabara Inna ta ce ita za ta je.

Sai an san Inna za a gane girman wannan magana. Bafulatana ce mai kunyar gaske. Ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, ba ta cin abinci a gabansa in da mutane, ko biki ɗaya za su je kowa da lokacin fitarsa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin su biyu suna tafiya tare a titi ba.

Ranar farko na je kallo, ba zan ɓoye ba. Bayan la'asar Baba ya fito da takalminsa rufaffe da safa. Sai da ya kusa shan kwana Inna ta fito, da 'yar kujerar katako ta tsakar gida a hannu ɗaya, gorar ruwa a ɗayan, da dabino ƙulle a bakin mayafi ko sugansa zai faɗi. Tana biye da shi daga nesa kamar hanya ce kawai ta haɗa su. Da ya tsaya ta iso, ta ajiye kujerar a gindin darbejiya, ta koma gefe tana kallon wani wuri daban. Ya zauna, ya huta, ya tashi ya wuce. Ta ɗauki kujerarta ta bi. Ba wanda ya ce wa wani kanzil. Matan unguwa suka samu abin leƙe ta katanga har aka yi mako.

Wanda ya yi asara shi ne mai kayan ƙarfe. Ya hango Baba ya fara jero kwaɗuna, Baba ya zauna a kujerarsa ya ce yau hutawa kawai yake, ƙafa ce. Da ya faɗa sau ɗaya sai bakinsa ya buɗe, ya shiga faɗa wa kowa. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Wannan ya ce wansa haka yake, wancan ya ce shi ma in ya hau tudun masallaci sai ya tsaya. Duk mai suga da ya kawo masa irin wannan kuka, amsar Baba ɗaya ce, ya je a saurari ƙafarsa.

Tazarar da ke tsakaninsa da Inna kuwa ta yi ta raguwa. Da na tsokane ta sai ta ce aiki ne ya kawo haka, wai ta gano yana yi mata wayo, yana neman kujera tun ciwon bai zo ba, kuma daga baya ba a ganin fuskar mutum. Ta ce in na gaske ne yakan cije leɓe, in na ƙarya ne yakan yi nishi. Saboda haka dole ta matso. Kafin damina ta yi nisa kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, in ya yi nishi ta ƙi ajiye kujerar.

A wuraren hutun nan ne suka fara hira. Ya ba ta labarin ranar da burki ya ƙi a gangaren dutsen Ngawundere, da yadda giwaye suka tare masa hanya can arewa ya kashe inji ya jira su, da wata mai abinci a Kuseri da ke zagin direbobi da harshe huɗu. Ita kuma ta riƙa gaya masa wanda ke bayan kowace katanga, wa ya auri 'yar wa, wane gida ne rijiyarsu ba ta ƙafewa, don ita ta ƙofar mata ta san garin. Wata rana ina taya ta tsinke zogale ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Ashe mutumin nan yana da labari."

Tabar ce ta ba da wuya. Ya bari, ya yi ta faɗa da kaji da rediyo, ya koma duba lemun tsami, ya sake bari. Ana cikin haka wani tsohon abokin hanyarsa ya zo daga Kuseri, dogon mutum mai barkwanci, Hausarsa haɗe da Larabcin Cadi. Muna yara yakan kawo mana dabino. Wannan karon da sanduna biyu ya shigo zaure, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe an maƙale ta da fil a ƙasan gwiwa. Shi ma suga gare shi. Ya ce sabon takalmin sallah ne ya ɗan goge masa yatsa, bai kula ba, ya yi ta sa magungunan gida, da aka kai shi asibiti yatsun sun riga sun yi baƙi. Ya yi ta ba mu dariya, wai yanzu wankin ƙafa ɗaya ya rage masa a alwala, kullum shi ke riga kowa shiga sahu. Da zai tafi Baba ya raka shi bakin titi, ina riƙe da jakar baƙon. Ya dubi takalmin Baba da safarsa.

"Ni rashin jin zafi ne ya cuce ni," ya ce. "Kai taka tana yi maka magana. Ka saurare ta."

Baba bai ci abincin kirki ba a ranar. Bai yi wa kowa alkawari ba, bai yi wata sanarwa ba. Mun dai lura lemun tsami ya daina samun baƙo. Inna ta sayo damin asuwaki, duk rigar da ta wanke ta goge sai ta sa guda a aljihu. Ya yi ta tauna su kamar mai jin haushinsu, har yau kuma yana taunawa.

Ba zan ce ya warke ba. Likitar ta gaya mana tun farko jijiyar ba za ta koma sabuwa ba, a dai hana ta ƙara lalacewa. Har yanzu ƙafar hagu ta fi sanyi, akwai ranakun da take kama shi da wuri ya dawo rai a ɓace, kuma yana komawa a auna shi a kan kari. Amma inda da yake tsayawa sau da yawa yanzu yakan wuce bai ko lura ba. Kowace safiya bayan karin kumallo zai miƙe ƙafa a tabarma, Inna ta sa tabarau ta duba tsakanin yatsu da dunduniya tana ba da rahoto, shi kuma yana kallon sama kamar ba da shi ake ba. Goggo ta zo ta ga yana tafiya garau, ta ce ai ta faɗa, ƙahon ne ya yi aiki a hankali. Ba wanda ya musa mata.

Wata yamma bayan damina na je gidan na tarar ba su dawo ba. Rana ta yi ja, aka kira magariba, shiru. Na fito ƙofar gida na tsaya, na fara tunanin ko sugansa ne ya faɗi a hanya. Ina shirin kiran mijina sai na hango su tafe a hankali, suna musu da ƙarfi har ana jiyo su daga nesa.

Ashe bakin Binuwai suka je. A hira ne Inna ta ce duk shekarun da ta yi a Garwa ba ta taɓa ganin dorina ba, sai dai ta ji ana faɗa. Baba ya ce wannan abin kunya ne a gare shi, suka juya suka nufi kogi, wurin da bai taɓa kaiwa da ƙafa ba tun da ciwon ya same shi. Suka huta a hanya yadda ya kamata, suka isa, suka zauna a kan yashi kusa da masu wanki suna jira.

Na ce to, an gan ta?

Baba ya ce ƙwarai kuwa, ƙatuwa, ta fito har kafaɗa ta yi hamma. Inna ta ce kunne biyu ta gani a kan ruwa, su ma ba ta da tabbas, don sun fi kama da gandar da ta taso. Baba ya ce tabaranta ta bari a gida. Ta ce na duba ƙafa ne, ba na duba dorina ba. Suka shige ciki suna yi, ni na tsaya rufe ƙofa. Ina jin ta tana cewa ya cire takalmin ta gani ko yashi ya shiga, kafin ya yi alwala.